Injin Markaɗen da Ya Ƙi Mutum Ɗaya

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, ni ce injiniyar layinmu a Fadikpe. Babu wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Mahaifiyata tana da injin markaɗe mai shan fetur a wata 'yar rumfar kwano da ke ƙofar gidanmu. Ita ke riƙe da shi da safe, in na dawo makaranta in tuɓe kayan makaranta in karɓe ta. Mahaifina yana aiki a Zungeru, sai ƙarshen mako muke ganinsa, kuma ni ce babba a gidan, don haka igiyar tayar da injin a hannuna ta faɗo. Na ja igiyar nan har damtsena na dama ya fi na hagu girma. Akwai sallar da tela ya auna ni ya sake aunawa, yana zaton tef ɗinsa ne ya samu matsala.

Injin ja ne, ko in ce ya taɓa zama ja. In ya tashi, ƙararsa takan sa malaman jami'a a Bosso su dakata da karatu sai mun gama. Abin da na sani a kansa bai taka kara ya karya ba. Na iya zaro 'yar sandar baƙin mai in duba ko ya ragu. Na iya kwance fulogi in kankare baƙin da ya taru a bakinsa. Na iya wanke soson da ke tace masa iska, in matse, in shanya. Na san a rufe cok, wato 'yar ƙofar iskarsa, in yana da sanyi, a buɗe da zarar ya kama, na kuma san yadda ake ɗaure bel in ya saki. Iyakar ilimina ke nan, amma in kun ga yadda nake tafiya da sufana a hannu sai ku rantse ni na ƙera jirgin sama.

Yawancin masu kawo mana markaɗe yara ne da 'yan kwanuka: tumatir, attaruhu, ɗan tattasai. Kafin yaro ya gama sosa ƙeyarsa an gama an miƙa masa. Babbar mai kawo mana aiki mutum ɗaya ce, maƙwabciyarmu mai ƙosai. 'Yar kudancin Kaduna ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da kaskon nan take ciyar da su. Kullum da yamma tana suya a mararrabar da ke bakin titi, masu dawowa daga aiki su yi mata layi. Bayan la'asar takan shigo rumfarmu da manyan bokitai biyu na surfaffen wake, ta ajiye, ta zauna a benci ita da mahaifiyata suna yankan albasa suna hira cikin ƙarar inji. Kowace rabin maganar 'yar'uwarta take ji, ina jin shi ya sa ba su taɓa yin faɗa ba. Ni Mama nake ce mata. Ita kuma a duk layin ita kaɗai ke kirana Injiniya ba da gatse ba.

Wata rana tana ɗaure bakin bokiti sai ta rage murya ta ce wa mahaifiyata, "Ƙawata, jiya wani ya ce ya ji ƙanshin fetur a ƙosai. Ban ce daga nan ba ne fa. Na dai ce bari in gaya miki."

Ku da ba ku san mahaifiyata ba, mace ce da za ta iya wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. A ce abinci ya fita daga rumfarta da warin fetur, gara a zage ta a tsakiyar kasuwa. Mama na fita ta sunkuya tana shinshina injin nan tun daga bututun salansa har ƙafafu, sai ga ta ta gano. Robar da ke cikin murfin tanki ta cinye, in inji yana rawa sai fetur ya riƙa fantsalowa kaɗan-kaɗan ta gefen murfin.

Ba ta yi shawara da injiniyarta ba. Ta samo leda mai kauri, ta ninka, ta shimfiɗa a bakin tankin, ta murɗa murfi a kai, sannan ta naɗe shi da tsinken robar tayar keke, ta ja ta ɗaure tam. Daidai yadda take rufe galan ɗin manja in za a kai wa mahaifina Zungeru. Galan ɗin da mahaifiyata ta rufe, ko motar ta wuntsila cikin kogin Kaduna ba zai zubar da ɗigo ba.

Warin fetur ya ɗauke. Duk muka yaba mata, har da ni.

Washegari na cika tanki kamar yadda na saba kafin babban aiki, mahaifiyata ta mayar da ɗaurinta. Na sallami 'yan kwanuka lafiya lau. Mama ta zo, na ɗora wakenta. Bokitin farko bai kai rabi ba injin ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya girgiza kamar mai zazzaɓi, ya mutu. Na ja igiya. Na sake ja. Na ja har na fara ganin taurari da rana tsaka. Na kwance fulogi na goge, na mayar, na ja. Shiru. Mama ta duba rana ta ga tana sunkuyawa, ta kwashi wakenta rabi markaɗaɗɗe rabi tsaba, ta tari ɗan acaɓa zuwa wani inji da ke can tsallaken babban titi, wanda shi kuma da lantarki yake aiki, sai in an yi sa'a da wuta.

Bayan tafiyarta da ɗan jimawa wani yaro ya kawo tumatir. Na ce bari in gwada don kada a ce ban gwada ba. Ja ɗaya, injin ya tashi yana ruri kamar bai taɓa yin laifi ba.

Kashegari haka. Wanshekare ma haka. Kwano goma, kwano ashirin, injin zai cinye su yana murna. Da an ɗora waken Mama an yi nisa kaɗan, sai ya kwanta. Ta tafi, ya huta, ya tashi.

Muka kira bakanike. Wani siriri ne mai yawo da sufana a aljihun baya, wanda bai taɓa taɓa inji ba tare da ya fara zagin wanda ya gyara shi a baya ba, ko da kuwa shi ne. Abu na farko da yake yi in ya zo, ya warware robar nan, ya cire murfi, ya yar da ledar a ƙasa ba tare da ya ko kalle ta ba, ya leƙa tanki ya shinshina ko an haɗa mana fetur da kananzir. Sannan ya kwance kafireto, wato ɗan kwanon da ke haɗa mai da iska, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Ya murɗa murfi, ya ja igiya. Injin ya tashi ya yi ta ruri har muka gaji da jinsa.

"Hajiya, injin nan ya fi ni lafiya," in ji shi.

"To me ke kashe shi?"

"Wa ke ja?"

"Ga ta nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ce mai kwance fulogi ko? Ki daina ba shi wahala. Inji ba ya son yawan taɓawa."

Na ce, "Oga, kai ma ai taɓa shi kake yi."

"Ni da sani nake taɓawa."

Yana juya baya mahaifiyata ta tsinci ledar da ya yar, tana tsaki. "Bakanikai da ƙazanta. Ya bar mini tanki a haka, salon wari ya dawo." Ta yanko sabuwar leda ta ninka, ta ɗaure har ya fi na da ƙarfi. Da yamma Mama ta zo, injin ya mutu.

A nan ne mai tuwo ta shigo labarin. Wata mata ce a ƙarshen layinmu mai sayar da tuwo da miyar taushe, kullum tana cikin masu jiran markaɗe da yamma, kuma bakinta ba shi da cok, a buɗe yake tun asuba. Wata rana da injin ya mutu tana tsaye da kayan miyarta a bayan bokitan Mama, sai ta jira Mama ta fita, ta ce, "Hajiya, ni fa ba na son magana."

Duk wanda ya san ta ya san magana ta zo ke nan.

"Amma ke ba ki lura ba? Mu duk muna kawowa yana yi. Mutum ɗaya ce in ta sako ƙafa yake mutuwa."

Mahaifiyata ta ce, "Haba, bari wannan zance. Shekara nawa tana kawowa?"

"Ai abin ba ya nunawa rana ɗaya. Mijinta yana ina? Ni dai na san farar ƙafa in na gan ta. Akwai wata a garinmu, gidan da ta shiga ko kaza ba ta ƙyanƙyashewa."

Sauran matan ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Amma washegari da Mama ta shigo, na ga idanu suna sauka ƙasa suna kallon silifas ɗinta.

Mahaifiyata ta so ta kashe maganar, don haka ta roƙi bakanike ya zo da yamma ya tsaya a yi markaɗen Mama a gabansa. Ya zo, ya yar da leda kamar kullum, ya leƙa tanki, ya rufe, ya harɗe hannu. Bokiti biyu suka wuce sumul. Mama ta yi dariya har da tafi. Na ɗauka an gama.

Mai tuwo ta matso kusa da mahaifiyata ta ce, "Kin ga damtsensa? Laya ce a ɗaure. Duk bakanike da shirinsa yake yawo. Bari ya tafi ki gani."

Ya tafi, aka mayar da leda, kashegari aka gani.

Ni a lokacin abin bai wuce wasan kwaikwayo a wurina ba. Ina da injin da ya san takun mutum, wa ya kai ni a ajinmu? Amma magana ba ta tsaya a rumfa ba. Ta bi layi ta fita bakin titi. Ƙanena ya dawo yana ba da labarin cewa yara suna cacar wanda zai iya taka inda Mama ta taka. Wani ɗan acaɓa ya ƙi ɗaukar ta, wai kada babur ɗinsa ya buga. Layin da ake yi a gaban kaskonta ya fara gajarta, ga shi kullum tana makara saboda yawon neman inji, wani lokacin ƙullun ya yi tsami kafin ta dawo. Wanda ya zo sayen ƙosai ya tarar ba a hura wuta ba, gobe wani wurin zai nufa.

A wurinmu ma, matan da ke jira a bayanta suka fara ƙorafi. In injin ya mutu a kan wakenta, miyar kowa ta makara. Biyu suka daina zuwa. Mai tuwo ta ce ita ma daga gobe za ta canza wuri, kuma ba ita kaɗai za ta tafi ba.

Ranar da abin ya faru ina tsugune ina goge fulogi, wanda a lokacin ya fi haƙorana haske saboda yawan guga. Mama na zaune a benci. Mahaifiyata ta daɗe tana juya albasa ɗaya a hannu, sannan ta ce, "Ƙawata, ko za ki riƙa aiko yaro da waken? Ke ki huta a gida, in an gama a kawo miki."

Mama ta ajiye wuƙa. Ta dubi mahaifiyata, ta dubi matan da ke tsaye, waɗanda duk suka samu abin kallo a rufin kwano.

"In huta," ta ce.

"Na ɗan kwana biyu ne, kafin mu gane kan injin."

"To. Na ji."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗora bokiti ɗaya a ka, ta riƙi ɗaya a hannu. Na tashi in taya ta, ta ce, "Bar shi, Injiniya, yi aikinki." Ba ta aiko yaro ba, ba ta kuma sake zuwa ba.

Injin kuwa ya warke sarai. Makonni suka wuce ko tari bai yi ba, tunda babu mai kawo abin da ya wuce kwano. Mai tuwo ta riƙa shigowa tana taku kamar wadda ta ci zaɓe. Mahaifiyata ta rage magana. Da yamma mukan hango Mama ta wuce ta ɗaya gefen layi da bokitanta, su gaisa daga nesa irin gaisuwar da ake yi wa mai karɓar haraji.

Sai matar ƙanen mai tuwo ta haihu. Ana gobe suna ta shigo rumfarmu da kaya kamar za a ciyar da barikin soja: wake na alala bokiti biyu, jiƙaƙƙen gero na kunu, ga kayan miya. Mata cike da rumfa, 'yan taya aiki. Na cika tanki, mahaifiyata ta ɗaure, na ja igiya, na fara da wake. Mai tuwo na tsaye a kaina tana ba da umarni, "Ki sa ruwa kaɗan-kaɗan, 'yar nan, ba kunu na ce ki dama ba."

Bokitin farko bai kai rabi ba injin ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya mutu.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Har kukan akuyar da ke bayan masallaci ana ji. Sannan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, idanun matan nan suka sauka ƙasa. Mai tuwo ta ja ƙafarta ta dama ta ɓoye a bayan ta hagu. Da ta ga ta hagun ma a fili take, sai ta saki zani ya rufe su duka.

"Mai ne ya ƙare," ta ce. "Duba mai."

Na san mai bai ƙare ba, ni na zuba. Amma dariya ce ta cika mini ciki, ina neman inda zan sunkuyar da kai, sai na sunkuya kan tanki na warware roba. Ina murɗa murfin sai na ji wani ɗan sauti, fuuut, kamar mutum ya daɗe a ƙarƙashin ruwa ya ɗago ya ja numfashi. Da ba don shirun nan ba da ban ji ba. Na ɗaga murfi na ga ledar ta lotsa ciki, ta shige bakin tanki kamar kumatun tsohuwa. Fetur kuwa ga shi nan fal.

Na tsaya ina kallon ledar. Abin da ya faɗo mini a rai mai shayin bakin layinmu ne. In zai zuba madarar gwangwani, huda biyu yake yi, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Na taɓa toshe masa ɗaya da yatsa don tsokana, madarar ta tsaya cak. Na juya murfin tankin na duba shi da kyau, karo na farko tun da na zama injiniya. Ga wani ɗan rami nan a jikinsa, bai fi bakin allura ba.

Na rufe tanki ba leda. Na ɗan jira mai ya sauka, na ja igiya, a ja na biyu ya kama. Na gama bokitin farko bai ko yi atishawa ba.

Mai tuwo ta ce, "Kun gani ko, dama ɗan hutawa yake so."

Na ce, "Tsaya, Inna, ba a gama ba." Na kashe shi da kaina, na mayar da leda, na ɗaure yadda mahaifiyata ke yi, na ɗora bokiti na biyu. Aka yi nisa, ya mutu. Na cire leda, fuuut, na rufe, na ja, ya tashi. Da ba don mahaifiyata ta riƙe mini hannu ba da na yi ta yi har magariba, don ban taɓa samun 'yan kallo irin na ranar ba.

Na yi musu bayani da ƙarfi, ina nuni da sufana. Mai yana sauka daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa ta wannan ɗan ramin. An toshe rami, mai ya sauka kaɗan ya tsaya. Ɗan kwano ba ya daɗewa, kafin injin ya shaƙe an gama, in ya huta kuma iska ta saci hanya ta shiga. Babban bokiti ne kawai ke kai shi inda numfashinsa ke ƙarewa. Kuma a duk layin nan mutum ɗaya ce ke kawo babban bokiti.

Mai tuwo ce ta fara karɓa. "Ai ni dama na faɗa, inji sai masu inji. Mutane ne da camfi." Daga ranar babu wanda ya kai ta yarda da ilimin kimiyya a Fadikpe.

Mahaifiyata ta karɓi ledar daga hannuna ta daɗe tana kallo, sannan ta jefa ta a kwandon shara. Da aka watse ta ce, "Je ki gaya wa Mamanki an gyara inji, ta kawo wakenta gobe."

Na tafi da gudu, ina tsara yadda zan ba da labarin da ni a tsakiyarsa. Na tarar da ita tana kwashe ƙosai daga mai, mutum biyu kacal a gabanta. Na zuba mata bayani tun daga gwangwanin madara har ƙafafun mai tuwo. Ta yi murmushi a wurin ƙafafun. Ta ƙunsa mini ƙosai a takarda ta miƙo.

"Sannu da aiki, Injiniya. Kin iya."

"To gobe za ki kawo?"

Ta juya ƙosai da matsami. "Ki gaya wa Ummanki na gode. Amma ba injin ne ya ce in zauna a gida ba."

Na dawo na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara gishiri ba, abin da ba kasafai nake yi ba. Mahaifiyata ta ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Ta ci gaba da wanke mazurarin inji, wanda ta riga ta wanke.

Washegari na dawo makaranta na tarar da mai amalanke a ƙofar gida, shi da wasu samari biyu suna kici-kicin ɗora injinmu, da ƙarfen da yake zaune a kai, da komai. Mahaifiyata ta saka mayafinta na zuwa biki. Ta ce in ɗauko jarkar ruwa in biyo su. Ta aika aka kira mai tuwo, ita kuma ta zo da sauri, don ta ji an fara tambaya a layi ko wace irin ƙafa gare ta.

Haka muka ratsa layi, amalanke a gaba, mahaifiyata a baya, ni da jarka, sai yara da suka biyo mu kamar an kama ɓarawo. Muka tarar da Mama a mararraba, ta fito da bokitanta tana jiran ɗan acaɓan da zai yarda ya ɗauke ta. Aka sauke injin a gefen murhunta. 'Yan acaɓa suka matso, mai shayi ya bar teburinsa, masu shago suka leƙo.

Mahaifiyata, wadda ko kiran ƙanena ba ta yi da ƙarfi a waje, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ƙawata, hannuna ne ya yi ɓarna, na bari aka ɗora wa ƙafarki. A gaban mutane na ce ki zauna a gida, shi ya sa na zo a gaban mutane. Ki yafe mini."

Mama ta dube ta, ta dubi injin. "Kin ɗauko wannan jibgegen abu tun daga gida?"

"Na ɗauko."

"In ya mutu fa?"

"In ya mutu ni zan daka miki waken nan a turmi, a nan wurin."

"Da wannan mayafin?"

"Da shi."

Mama ta tura mini bokiti da gefen ƙafa. Na duba baƙin mai, na rufe cok, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa jarrabawa ba, na ja. Ya kama. Ina fara zuba wake sai Mama ta tuɓe silifas ɗinta, ta ɗora ƙafarta a kan ƙarfen da injin ke zaune, ta riƙe ƙugu. Haka ta tsaya, ƙafa tana rawa tare da inji, tana kallon mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, har bokiti biyu suka ƙare. Ni na kashe shi da hannuna.

Mai tuwo ce ta fara sayen ƙosai a ranar, ta ci a tsaye a gaban kowa, tana cewa ita dama can ta san ƙosan nan ba shi da na biyu.

Bakanike ya samo mana sabon murfi mai lafiyayyar roba, ya ce ai shi tun ranar farko ya so ya yi maganar ledar nan, mantawa ya yi. Mama ta dawo da kawo wake. Ita da mahaifiyata sun shirya, ko da yake an ɗau lokaci kafin hirar ta koma yadda take.

Yanzu in inji ya ba ni matsala, kafin in ɗauki sufana nakan tambayi kaina me aka canza a jikinsa kwanan nan. Sau da yawa amsar tana nan kusa, kuma sau da yawa wanda ya yi canjin da kyakkyawar niyya ya yi. Mu a lokacin babu wanda ya yi wannan tambayar. Wa ya shigo muka tambaya, don ita ta fi sauƙi, ba ta buƙatar a sunkuya.

Abin da na lura kuma, waɗanda suka ga injin ya yi aiki a mararraba ba su kai rabin waɗanda suka ji ya mutu ba. Gyaran injin bai ɗauke ni tsawon shan kofin ruwa ba. Layin gaban kaskon Mama kuwa ya dawo, amma bai taɓa kai tsawonsa na da ba. Kwanan nan wata yarinya da suka tare a layinmu ta kawo markaɗe, ta matso ta tambaye ni a kunne ko gaskiya ne matar can mai ƙosai tana kashe inji da ƙafa. Na ce mata ta dawo in na tashi aiki, zan nuna mata wani ɗan rami a murfin tanki.

Ba ta dawo ba. Ban kuma yi mamaki ba, labarin ƙafa ya fi na rami daɗin ji.